Tomi Mai Dogon Hanci

A jikin bango na fara ganin bindigar nan, shekaru da yawa kafin in taɓa ta da hannuna. Bangon silimar Plaza ne a Fagge, dogon farin bango da ba shi da rufi, in damina ce kowa na kallo da ido ɗaya, ɗaya idon yana kan hadari. A farkon shekarun 1960 ɗan mutunci ba ya zuwa silima. Haka aka faɗa mana a gida, haka malam ya nanata a makarantar allo da dorina a hannunsa. Saboda haka duk wanda ka gani a bencin gaba ya ja hula ya rufe goshi, to ɗan mutunci ne. Wurin yana warin taba sigari da gumi da ɓawon lemo, iska kuma tana shigo da hayaƙin tsire daga bakin ƙofa. Mu da ba mu da kuɗin tikiti sai mu yi karo-karo, kwabo-kwabo, mu tura mutum ɗaya ya gano mana, washegari ya hau dakali ya ba mu labari tun daga farko har inda aka kashe bos. Wani ɗan maƙwabcinmu mai baki muka fi turawa, domin fim ɗin da yake dawo mana da shi ya fi wanda aka nuna daɗi.

Fim ɗin Indiya na masu soyayya ne, na kaboyi kuwa na kowa da kowa. Amma akwai iri biyu da ke hana mu barci: na yaƙin Hitila, da na 'yan daban Amurka masu kwat da malafa, waɗanda ke leƙowa ta tagar baƙar mota su yi ɓarin wuta su wuce. A duka biyun bindiga ɗaya ce take tashe. Gajera, kakkaura, da gindin katako, a hannun 'yan daba tana da mariƙi biyu da zagayayyen gidan harsashi a ƙarƙashi. Mai faifai muke ce mata. Ta hannun soja ba ta da faifan, duk da haka muna gane ta ko daga nesa. Ba ma jin Turancin da ake yi, ba mu san wa ya cuci wa ba, amma da ekta ya ɗauko ta sai silima ta kaure da ihu da fito, har maƙwabta su san an zo wurin.

Da kaka, in jakuna suka fara shigowa da kara daga ƙauye, masana'antarmu ta buɗe ke nan. A feƙe kara da tsohuwar reza, a yanka ɓargonsa gunduwa-gunduwa, a haɗa da sille da ƙayar aduwa, a samo murfin gwangwani a huda a ɗaure shi a ƙasa ya zama faifai. Yatsunmu duk yanka. Filin dagarmu gefen kududdufi ne da kan badala, dokar yaƙi kuma ɗaya ce: in an harbe ka sai ka faɗi. Ba wanda ya taɓa bin ta ba tare da gardama ba. Babu mai son zama Jamus, don haka ƙannenmu ne Jamus kullum, suna mutuwa suna tashi har a kira magariba. Mai faifai ba ta kowa ba ce. Sai wanda harshensa ya iya kaɗawa, rrrrat-tat-tat, ba tare da numfashinsa ya yanke ba. Wanda ya kasa sai ya haƙura da libarba, ya riƙa cewa tau, tau, yana jin haushinmu.

A bakin wani kanti da ke hanyarmu ta kasuwar Kwari akwai maigadi da kowa ke kira Baba Saje. Ɗaya ne daga cikin mazan jiya, 'yan yaƙin Burma. Ko ana zafin bazara tsohuwar kwat ɗin kaki tana jikinsa, goro a kumatu, ɗan gwangwanin taba gari a aljihu. Lambobinsa ba sa fitowa sai ranar 11 ga Nuwamba, wadda a lokacin ita ce ranar tunawa da mazan jiya, kafin a mayar da ita 15 ga Janairu. Wata rana muka wuce shi da kayan yaƙinmu, ya miƙo hannu ya karɓi tawa, ya juya ta, ya auna ta a tafin hannu.

"Wannan ai Tomi ce," in ji shi. "Wa ya nuna muku Tomi, ja'irai?"

Ranar muka san sunanta. Muka kewaye shi, Baba ba mu labari, Baba mutum nawa ka kashe. Bai amsa wannan ba, ranar ko wata rana. Labarin da yake so ya bayar shi ne na jirgin ruwa daga Ikko zuwa Bombay, yadda 'yan Arewa da ba su taɓa ganin teku ba suka yi ta amai har suka daina jin kunyar juna. Sai ruwan saman kwarin Kaladan da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shiga takalmi, da abinci da jirgin sama ke jefo musu da lema, da 'yan dako da ke ɗauke da kayan bataliya guda a ka, inda mota ba ta shiga. Da Hausa ake ba da oda, ya ce, har Turawan ma sai da suka koya. In muka matsa masa a kan Tomi sai ya taɓe baki. Nauyi ne da ita, in ji shi, ka wuni da ita a kafaɗa kana hawan dutse ka gaya mini. Faifan nan da kuke so, harsasai ke kaɗawa a cikinsa, kana tafiya da dare yana gaya wa Japan ga ka nan, shi ya sa aka daina ba su shi. Daga baya aka kawo Sitan, mara nauyi, mara kyan gani, wadda in ta suɓuce ta faɗi takan tashi da kanta. Muka ga Baba Saje bai san darajar abin da ya riƙe ba. Muka tausaya masa, muka koma bakin kududdufi.

Sai da na girma na ga sunayen da yake ambata a rubuce a ƙofar barikoki: Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan da Myohaung a Ikko. Kafin nan 1966 ta zo, yaƙin basasa ya biyo baya, muka ga bindigogin gaske a hannun samarin da muka sani. Ba wanda ya hana mu wasan kara. Mu ne dai muka bari, ba tare da mun yi shawara ba.

A 1977 na tafi Amurka ƙaro ilimi. Tun shekarun 1960 akwai zumunci tsakanin babbar kwalejin horon malamai ta Kano da Jami'ar Ohayo, malamansu sun zo sun koyar a nan, don haka garin Athens, ɗan ƙaramin gari a cikin tsaunukan kudu maso gabashin jihar, ba baƙo ba ne ga 'yan Arewa. Na kama hayar ɗaki a saman benen wasu tsofaffi, mata da miji. Mijin tsohon ma'aikacin reluwe ne, mutum mara yawan magana, safiyarsa kofi da jarida, yammacinsa gyaran abin da bai lalace ba. Ɗansu sa'ana ne, mai raba wasiƙu a gidan waya, gidansa na bayan nasu, shi kuwa in ya fara zance sai dai ka nemi kujera.

A ƙarshen Janairun 1978 aka yi guguwar dusar ƙanƙara da har yau mutanen Ohayo ke ba da labarinta. Makaranta ta rufe, hanya ta toshe, har mai raba wasiƙu ya zauna a gida. Zaman ya ishe shi, ya zo ya ce in biyo shi ya nuna mini wani abu. Muka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya fara tarye ni ƙamshi ne, na danshin siminti da garin katako da wani man goge bindiga mai ɗan ƙamshin ayaba, wanda har yanzu in na ji makamancinsa sai in ji sanyi a yatsun ƙafa. Ya buɗe kabad na ƙarfe da mabuɗi, ya ɗauko wani abu a naɗe cikin bargon soja, ya shimfiɗa a kan teburin aikinsa.

Ita ce. Gindin katako mai duhu yana sheƙi, mariƙin gaba da gurbin yatsu, zobba-zobba a jikin bututu don ya riƙa shan iska, ga faifai a gefe mai cin harsashi 50. Ban san lokacin da na ce "Tomi!" ba. Ya dube ni da mamaki, ya ce a ina na san ta? Na ce a Fagge. Ya ɗauka sunan wani yaƙi ne.

Amma akwai abin da bai zauna mini ba. Hancinta ya yi tsawo. Wadda na sani gajera ce, curarriya, wannan kuwa bututunta ya miƙe gaba ya ɓata mata fasali. Ya yi dariya ya ce kowa da haka yake farawa. Wannan ba ta yaƙi ba ce, kuma ba ta taɓa ganin Shikago ba. Sabuwa ce fil, samfurin 1927A-1, ƙirar kamfanin Auto-Ordnance a wani ƙauye mai suna West Hurley a jihar Niyok, inda aka fara yin irinta a tsakiyar shekarun 1970 don masu tara kayan tarihi da masu harbin nishaɗi. Bututun ta asali inci 10 da rabi ne. Dokar ƙasarsu ta ce doguwar bindigar da bututunta bai kai inci 16 ba sai da rajista ta musamman, don haka aka ja na wannan ya kai 16 da rabi. Cikinta ma an sake shi. Ta asali da sakata a buɗe take jira, in ka danne kunama ba ta tsayawa sai ka saki ko harsashi ya ƙare. Wannan sakatarta a rufe take, kowane jan kunama harsashi ɗaya, ta tofar da kwanso ta ɗura wa kanta na gaba ta jira ka. An yi haka ne don hukuma ta gamsu ba za a iya mayar da ita mai ɓarin wuta cikin sauƙi ba. Hukumar kuwa guda ce ke kula da giya da taba da bindiga, abin da ya ba ni dariya har ya tambaye ni dalili, na rasa yadda zan yi masa bayani.

Daren nan na sha tarihi, ina zaune a kan akwatin lemo, iska na kuka a waje. Janar John Thompson mutumin Newport ne a Kentaki, tsallaken kogin Ohayo kaɗan, kuma a Cleveland, cikin jihar da muke zaune, injiniyoyinsa suka yi aikin farko. Ya kafa kamfanin a 1916 da nufin ƙera bindigar da soja ɗaya zai share ramin abokan gaba da ita a yaƙin duniya na farko. Kafin ta kammalu yaƙin ya ƙare, a Nuwamban 1918. Ga kaya, babu mai saye. A 1921 kamfanin Colt ya ƙera musu guda 15,000, aka yi kusan shekara ashirin ana fama da sayar da su, kowace dala 200, kusan rabin kuɗin sabuwar mota a lokacin. Har talla suka buga da hoton kaboyi a baranda yana korar ɓarayin shanu da ita. Abokina ya fi son wurin da gidan waya ya shigo, domin cikin masu sayen farko har da masu gadin jakunkunan wasiƙu, saboda 'yan fashi da suka addabi jiragen ƙasa. Yana faɗin wannan yana buga ƙirji, sai ka ce shi ya yi gadin.

Waɗanda suka gane amfaninta da wuri su ne masu fasa-ƙwaurin giya, a shekarun da Amurka ta haramta ta, 1920 zuwa 1933. Ranar 14 ga Fabrairun 1929 aka jera mutum bakwai a jikin bangon wani gareji a Shikago aka harbe su da Tomi biyu, a rikicin mutanen Al Capone da na Bugs Moran. Saboda ƙararta har tafiretar Shikago aka riƙa ce mata. A 1934 majalisa ta sa harajin dala 200 a kan duk wadda za ta sauya hannu, wato daidai kuɗinta. Janar ɗin ya rasu a 1940 yana baƙin cikin sunan da ta yi, ana gab da fara ƙera ta da gaske. A yaƙin duniya na biyu an yi sama da miliyan ɗaya da rabi, aka yi ta rage mata ado, aka cire zobban da mariƙin gaba da faifan, har farashinta ya sauko zuwa dala 45. Daga cikin waɗannan wata ta bi teku ta isa kafaɗar Baba Saje.

Na tambaye shi, shi me ya kai shi saye, tunda ba farauta ake yi da ita ba? Ya ce yana yaro akwai wani shirin talabijin mai suna Combat!, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1967, sajen da ke ciki Tomi yake riƙewa. Shi da yaran layinsu da katako suke sassaƙa tasu, su yi yaƙi a bayan coci, ƙannensu ne Jamus. Na yi shiru. Na ce to ƙarar fa, da me kuke yi? Ya dubi matattakala ya tabbata matarsa ba ta kusa, ya kaɗa harshe. Ba bambanci ko kaɗan. Mutum biyu da gemu, a ƙarƙashin ƙasa, muka yi ta dariya har hawaye.

Harbin kansa sai da kaka ta zagayo. Akwai wani tsohon ramin haƙar kwal a bayan gari inda mutane ke zuwa gwada hannu ranar Asabar. Ganyen itatuwa ya yi ja da rawaya, iska na warin laima da hayaƙin itace. Muka jera gwangwanaye da robobin madara cike da ruwa, da kabewa manya-manya da suka rage bayan bikin da yaransu ke fafe ta su kunna kyandir a ciki. Na tsaya ina kallon kabewar nan ina lissafin tukunyar taushe nawa za ta yi. Ya ba ni abin toshe kunne, ya nuna mini inda ba a juya baki ko da wasa, ya sa na maimaita. A kan wannan ba ya raha.

Da na ɗaga ta sai na ji Baba Saje a kafaɗata. Kilo shida ba komai ba ne a buhu, amma a miƙe a gaban mutum, da faifai cike, wani abu ne daban. Jan sakatar ma sai da na dafe gindin a cinya. Na saita kabewa, na ja. Tau. Ba ta ko ture ni ba, nauyinta ya shanye bugun harsashin, gajeren nan mai kauri mai lamba .45. Na sake ja. Tau. Kwanso ya yi tsalle ya faɗi a kan tsakuwa da 'yar ƙara. Kunnena yana jiran abin da ya saba ji a bango, bai zo ba. Kamar a kira makaɗin kalangu gidan biki ne a ce masa ya buga sau ɗaya ya huta, ya sake buga ɗaya ya huta. Kalangun na gaske ne, makaɗin gwani ne, amma ba mai tashi rawa. Na tuna yaran da muke bari da libarba suna cewa tau, tau. Ashe nasu ne na halal.

Kabewar dai ta tsira a hannuna. A hannunsa ba ta tsira ba.

Tsohon ya biyo mu ranar, amma bai sauko daga akori-kurarsa ba. Yana zaune ƙofa a buɗe, fulas ɗin kofi a cinya. Na san ya yi soja, domin akwai hotonsa da kaki a falo, sai dai ba a zancen a gidan. A runduna ta 37 ya yi, ta 'yan jihar Ohayo, wadda ta yi yaƙi a tsibirin Bougainville, ta kuma shiga Manila a Fabrairun 1945. Ɗansa ya kai masa bindigar ya ce, Baba ko sau ɗaya. Ya ajiye kofi ya karɓa, hannunsa ya tafi daidai inda ya kamata ba tare da ya duba ba, ya leƙa cikinta ya tabbata babu harsashi. Ya auna ta. Ya ce hancin ya yi tsawo, nauyin dai yana nan. Ya miƙa masa abarsa, ya ɗauki kofinsa.

A hanyar dawowa na ba shi labarin maigadin Fagge, na ce shi ma Japan ya yaƙa, a Burma. Ya rage gudu ya dube ni. Bai taɓa jin cewa baƙaƙen Afirka sun je can ba, balle runduna biyu cur, ta 81 da ta 82. Ya tambaye ni me mutumin yake cewa game da wurin. Na ce ruwan sama, da matsattsaku, da ƙafa da ke ruɓewa a cikin takalmi. Ya gyaɗa kai ya ce, to lalle ya je. Ya ƙara da cewa abin da ya fi mafarki a can shi ne busasshiyar safa. Ita ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa a kan yaƙi, kuma har na bar gidan bai ƙara ba.

Kafin mu baro ramin abokina ya ɗora mini malafa, ya ce in tsaya irin tsayuwar Cacil. Akwai sanannen hoton firaministan Ingilan na Yulin 1940, da kwat mai zane-zane da sigari a baki da Tomi a hannu, wanda Jamusawa suka buga a takardu suka watsa suna cewa ga shugaban 'yan daba. Ya ɗauke ni da kyamarar nan mai tofo hoto nan take. Na ga na yi kyau, na sa a ambulan na aika gida. Amsa ta zo da rubutun ƙanena, amma muryar Inna ce daga gaisuwa har sa hannu. Bayan gaisuwa mai yawa, tana tambaya karatu aka tura ni ko me? Ta ce hoton yana ƙarƙashin adakarta, ba wanda ya gani, ba kuma wanda zai gani. A shekarun nan ana ɗaure 'yan fashi a jikin durom a harbe su a bainar jama'a, ita kuwa ba ta ga bambancin malafata da tasu ba. A ƙasan takardar mahaifina ya sa an ƙara layi ɗaya: nawa ake sayar da ita, kuma me take ci?

Na dawo gida, na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, zumunci ya koma katin gaisuwa na ƙarshen shekara, daga baya waya. Ta bakinsa nake jin yadda duniyar tasu ke tafiya. A watan Mayun 1986 aka rufe rajistar sababbin bindigogi masu ɓarin wuta ga farar hula, sai waɗanda ke cikin littafi tun da. Daga nan farashin Tomi ta asali ya tashi, yau sai mai kuɗin sayen sabuwar mota, wani lokaci har fiye. Mai dogon hanci ta zama ita ce ta talaka. A 1999 kamfanin Kahr ya sayi Auto-Ordnance, har gobe suna ƙera ta, da mai faifai da irin ta soja, har da akwati mai siffar gidan gogen Turawa don wanda ke son cikakken fim. Wasu ma sun shiga sana'ar. A Jamus ana yin kwaikwayon MP40, wadda ƙannenmu za su riƙe da sun san da ita. A Sifen kamfanin Denix na zuba irin waɗanda ba sa harbi sam, na ratayewa a bango. A Japan, inda doka ta tsananta, ana yin Tomi mai harba 'yan ƙwallayen roba, kuma masu saye na yaba ingancinta. Na so a ce Baba Saje ya ji wannan. Ina jin da sai ya tofar da goro.

A nan gida ban taɓa ko tunanin mallakar irinta ba. Dokar bindigogi ta 1959 ba ta san wani abu mai suna sha'awa ba, kuma yadda abubuwa suka koma ban ga laifinta ba. Yaran ƙauyukan Zamfara da Katsina da Borno ba sa buƙatar kaɗa harshe, suna iya gaya maka irin bindiga daga ƙararta, da nisan inda take, da ko lokacin gudu ya yi. Kara yana nan, reza tana nan, amma uban da ya ga ɗansa yana feƙe irin abin da muke feƙewa gabansa ne zai faɗi. Mu mun yi wasa da ita ne a lokacin da take can nesa, a jikin bango, a ƙasar masu malafa.

Hoton ya dawo hannuna bayan rasuwar Inna, launinsa ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Kwanaki na nuna wa jikana, wanda kakarsa ke kira maigidanta, ina jiran ya girmama ni. Ya ɗago kai daga waya ya duba.

"Kaka, ai Tomi ce. Akwai ta a PUBG. Ba ta nisa, sai in ba ka sami wata ba."

Na ce tashi ka ba ni wuri, kai da ko kara ba ka iya feƙewa ba. Ya ce ai ni ma hancin tawa ya yi tsawo.

Tsohon ma'aikacin reluwen ya daɗe da rasuwa, ɗansa ya ajiye jakar wasiƙu, gwiwoyi sun gaji. Da muka yi waya a ƙarshen bara na tambaye shi ina mutuniyar. Ya ce ya sayar. Kafaɗa ta ƙi, an yi masa aiki a ta dama, likita ya hana shi ɗaga abin da ya wuce butar shayi. Ya kai ta kasuwar bindigogi da ake ci a filin baje kolin gundumarsu, ya shimfiɗa ta a kan bargon nan na soja, kafin azahar wani saurayi mai gyaran kwamfuta ya biya ba tare da ya nemi ragi ba, aka cike takardu. Na ce ka gaya masa nauyinta? Ya ce ya gaya masa har sau biyu, yaron bai ji ba, yana can yana tambaya ko akwai inda ake sayar da malafa a kusa.